Yadda Rediyon Soja Ya Koma Hannun Farar Hula

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sai gwamnatin Amurka ta yi gwanjon rediyoyin jiragen yaƙi da arha. Masu sha'awar magana da juna ta iska daga gidajensu suka yi ta kwasa, musamman a Titin Cortlandt na birnin New York. Wurin kamar Alaba yake wajen kayan rediyo, kafin a rushe unguwar a 1966.

Amma fa saye daban, aiki daban. Akwatin BC-455 yana kamo megahaz 6 zuwa 9.1, sai dai da wutar jirgi yake aiki, dole a sake masa hanyar wuta.

Babbar wahalar tana wajen na'urar aika saƙo. Lasin ɗin 'yan koyo da Amurka ta fito da shi a 1951 ya wajabta amfani da kiristal, wato wani ɗan siririn dutse mai tsayar da na'ura a kan lamba guda. Na soja kuwa da yawansu ba su dace da zangon da aka yarje wa farar hula ba. To, sai mutum ya kwance murfin, ya riƙa goga dutsen a kan gilashi da hodar wanke tukunya. Yana sirancewa, lambar tana hawa. In ta ɗan zarce, a goga masa bakin fensir ta sauko. In ta zarce da yawa kuwa, sai a koma kasuwa neman wani.