Jirgin Lightning: A Raya Shi a Ƙasa, Kada a Yi Gaggawar Mayar da Shi Sama

Duk wanda ya san aikin raya tsofaffin jiragen yaƙi ya san cewa babu jirgin da ke raba kan masu wannan sana'a kamar Lightning, wanda kamfanin English Electric na Ingila ya ƙera. Samfurinsa na farko ya tashi ranar 4 ga Agusta 1954, Roland Beamont na tuƙi, kuma a Nuwamba 1958 shi dai Beamont ya kai wani samfurinsa ninki biyu na gudun sauti. Rundunar sojan saman Birtaniya ta karɓe shi a 1960, ta yi ta aiki da shi har 1988, lokacin da aka sallami na ƙarshe a sansanin Binbrook. An ƙera guda 337, Saudiyya da Kuwait ma sun saya. Tun daga ranar sallamar ake ta ja-in-ja a kan tambaya ɗaya: a mayar da shi sama, ko a bar shi a ƙasa? Ni ina ganin abin da ya ba shi wannan gudu shi ne ainihin abin da ya sa tashinsa a hannun 'yan sa-kai ya zama kasada, kuma raya shi a ƙasa cikakken aiki ne da bai kamata a raina ba.

Aiki ɗaya tak aka ƙera shi dominsa. Idan rada ta hango jiragen Tarayyar Sobiyet masu ɗauke da bam sun nufo sansanonin Birtaniya, sai ya zabura ya tare su kafin su iso. Saboda haka hawa da gudu kawai aka nema, aka sadaukar da sauran komai. Cikin ƙasa da minti uku yakan kai ƙafa 36,000, kuma a 1984 matuƙi Mike Hale ya tare jirgin leƙen asirin Amurka U-2 a can ƙololuwar da ake zaton ba mai iya cim masa. Sirrin yana cikin yadda aka jera injinansa biyu na Rolls-Royce Avon: ɗaya a kan ɗaya, maimakon gefe da gefe, domin gaban jirgin ya tsuke ya tsaga iska. Aka lanƙwasa fikafikan baya da digiri 60, aka cusa radar a cikin wani tsini a tsakiyar bakin da ke shaƙar iska. Da injina suka cinye cikin jirgin, sai mai ya rasa wurin zama; aka zuba shi a fikafikai da tankin da aka manna a ƙarƙashin ciki, duk da haka matuƙi ba ya ɗauke ido daga ma'aunin mai tun daga tashi har sauka.

A nan matsalar makanike take farawa. Tsakanin injinan nan biyu da fatar jirgin, a wurin da hannu da ƙyar yake shiga, bututun mai da na haidirolik da sandunan sarrafa wutsiya suna bi ta gefen bututun hayaƙi mai tsananin zafi. Idan mahaɗar bututu ɗaya ta fara ɗiga a sama, man yakan gangaro ya taru a kan abin da ke ƙasa, wuta ta kama a inda matuƙi ba ya gani, ta cinye hanyar da yake juya wutsiya da ita. Jirage da dama sun salwanta ta haka a lokacin da suke hannun soja, har sai da rundunar ta ƙaddamar da shiri na musamman na toshe hanyoyin gobara. Wani ƙaramin gyara ma ba ya yiwuwa sai an zaro inji ɗungurungum. Tayoyin manyan ƙafafunsa sirara ne masu iska mai ƙarfi, don su shige cikin siririn fiffike, sauka kaɗan suke yi a canja su. Tayar da injin kansa yana buƙatar wani ruwa mai saurin kamawa da ake kira Avpin, wanda samunsa da ajiyarsa a yau wani aiki ne daban. Duk wannan ya yiwu a da ne saboda akwai gwamnati a baya, da kamfanin da ya zana jirgin, da ɗakunan ajiya cike da kayan gyara, da ɗaruruwan makanikai da ba su da wani aiki sai shi. Jirgin da aka saya a gwanjo yakan zo ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wannan ne dalilin da ya sa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya ba ta taɓa ba wani Lightning na farar hula izinin tashi ba: tana neman kamfanin da ya gaji zanen ya tsaya masa, kamfanin kuwa bai tsaya ba. Masu suka suna cewa ai Spitfire na yaƙin duniya na biyu, wanda ya girme shi, yana tashi har gobe. Gaskiya ne, amma Spitfire inji ɗaya ne mai farfela, ana iya ƙera kusan kowane ɓangarensa sabo a ƙaramar maƙera, kuma idan haidirolik ya mutu matuƙi na iya sarrafa shi da ƙarfin hannunsa. Lightning kuwa, da zarar haidirolik ya tafi, sandar tuƙi ta zama banza. Wanda ya fi dacewa a kwatanta shi da shi shi ne jirgin Vulcan mai lamba XH558, wanda aka mayar sama a 2007, ya sauka saukar ƙarshe a 2015 da kamfanonin da ke tsaya masa suka janye.

Hujja mafi ƙarfi da masu son tashi suke da ita ita ce Afirka ta Kudu, inda kamfanin Thunder City na birnin Kef Tawun ya yi shekaru yana tashi da Lightning, har da ɗaukar fasinja mai biyan kuɗi. Sai dai ranar 14 ga Nuwamba 2009, a bikin nunin jirage na Overberg, ɗaya daga cikinsu ya kama da wuta, haidirolik ya mutu, murfin gilashin ya ƙi ficewa, kujerar da ke cilla matuƙi waje ta kasa aiki, matuƙinsa Dave Stock ya rasu. Binciken hukuma ya gano sakaci wajen kulawa, ciki har da ɗage lokacin duba kujerar. Za a ce to laifin masu gyara ne, jirgin ba shi da laifi. Amma ai maganar tawa ke nan. Jirgin da ba ya yafe ɗigon mai ɗaya yana buƙatar kulawar da ba ta gajiya, ba ta jiran kuɗin tikiti, kuma ƙaramin kamfani ko ƙungiyar 'yan sa-kai, komai kyan niyyarsu, wata rana aljihu zai tilasta musu su ce a bari sai wata mai zuwa.

Akwai masu cewa jirgin da ba ya tashi gawa ne. Wannan magana ba ta yi wa ƙungiyar Lightning Preservation Group adalci ba. A filin jirgin Bruntingthorpe sun riƙe jirage biyu, XR728 da XS904, da injinansu a raye, suka yi shekaru suna sakin su a guje a kan titin jirgi da harshen wuta a bayansu, suka kuma kwance rumfar da jiragen ko-ta-kwana ke jira a cikinta a sansanin Wattisham suka sake kafa ta a can. Wanda ya tsaya kusa ya ji ƙarar a ƙirjinsa ya fahimci jirgin, kuma ilimin yadda ake kwance shi a ɗaura yana wucewa daga tsofaffin makanikan soja zuwa matasa. Idan wuta ta kama a ƙasa, matuƙi zai kashe inji ya sauko da ƙafarsa.

Ban ce a haramta tashinsa har abada ba. A filin jirgin Stennis da ke jihar Misisipi ta Amurka, wata ƙungiya ta kwashe fiye da shekara ashirin tana aikin XS422 mai kujera biyu da nufin mayar da shi sama, kuma wannan jinkiri nasu abin yabo ne. Sharaɗin dai shi ne kada ya bar ƙasa sai kujerar cilla matuƙi tana cikin wa'adinta, an sabunta kowane bututu da roba, akwai kuma kuɗin da zai riƙe wannan kulawa bayan ranar biki ta wuce. Inda aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, a bar shi ya yi gudunsa a ƙasa.