Yadda Titunan Faris Suka Sami Fitila

Yau ana yi wa Faris, babban birnin Faransa, kirari da birnin haske. Amma da can ba haka yake ba. In rana ta faɗi, sai duhu ya rufe garin. Masu kantuna su kulle ƙofa tun magariba. Wanda lalura ta fitar, sai ya riƙe fitilarsa, ko ya biya wani ya haska masa hanya. Dare kuwa na ɓarayi ne.

A shekara ta 1667, Sarki Luwi na 14 ya naɗa wani mutum, La Reni, shugaban ƴan sandan birnin. Shi ne ya sa aka rataya fitilu fiye da 2000 bisa igiya, a tsakiyar tituna. Kowace fitila gidan gilashi ce, da kyandir na kitse a ciki. Da maraice sai a kaɗa ƙararrawa. Mutumin da aka ɗora wa aikin a unguwa ya sauko da fitila, ya kunna, ya ja igiya ta koma sama.

To, wa ke biya? Masu gidaje. Aka aza musu haraji mai suna kuɗin taɓo da fitila, don da shi ake sharar titi, da shi ake sayen kyandir. Saboda tsada, da farko lokacin sanyi kaɗai ake kunnawa. Daren farin wata ma a kan bar su a kashe. Wanda ya fasa fitila, hukunci mai tsanani ke jiransa.

Hasken kyandir bai kai nesa. Bayan shekara ɗari sai aka koma fitilar mai, wadda ke da farantin ƙarfe mai ƙyalli a bayanta, yana maido da haske ƙasa. A 1817 aka kunna fitilar gas a wata rufaffiyar hanya mai kantuna dama da hagu, ana ce da ita Panorama. Ƴan kasuwa suka ga amfani: mai saye yana ganin kaya, yana ƙirga canjinsa, ba ya gaugawar komawa gida. Ciniki ya kai har dare. A 1878 kuma fitilar lantarki ta haska babban titin Opera.

Daga kyandir zuwa lantarki, shekara 211 ke nan. Fitila ta sake kama sau uku, amma abu uku ba su sake ba: mai biya, mai kunnawa, da mai gyara. Haka yake a kasuwanninmu, inda mai shayi da mai tsire ke neman abinci da dare. Ko fitila mai aiki da hasken rana aka kafa, in ba wanda zai share ƙurarta, ya sake batir, ya tsare ta, duhu zai komo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.