Tsohon injin gas da sabo: wa ya fi iya yashinmu?

1/ Da na je hutu gida Kanya Babba, na tarar ana musu a garejin kawuna. Wani yana son sayen Hilux ta gas don jigilar gero da riɗi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Babura. Manya suka ce tsohon inji kawai, matasa suka ce zamani ya wuce nan. Na koma makaranta na bi tarihin abin. Ku biyo ni.

2/ Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, sai a fesa mai, ya kama da kansa. Bajamushe Rudolf Diesel ya tayar da injinsa mai aiki a Augsburg a 1897. Tun ranar, duk rigimar a wuri ɗaya take: wa zai fesa man, yaushe, da wane ƙarfi?

3/ Amsar farko ita ce famfon ƙarfe. Kamfanin Bosch ya fara ƙera shi da yawa a 1927. Giya ce ke juya shi, sifirin ke rufe nozul. Ba kwamfuta, ba sansa. Kusan shekara 70 wannan dabarar ke mulki.

4/ Land Rover ta fito a 1948 da injin fetur, mai gas ya biyo a 1957. Ita ce motar da kakanninmu suka sani da jami'an gona da malaman asibiti, lokacin da mafi yawan hanyoyinmu burji ne ko yashi tsantsa. Daga baya har haɗa ta aka yi a Ibadan, a kamfanin Leyland, zamanin da Steyr ke Bauchi, Fiat ke Kano, Peugeot ke Kaduna. Yanzu ko ƙusa sai an shigo da ita, amma wannan zancen wata rana ne.

5/ Sai Toyota. Land Cruiser samfurin 70 ta zo a 1984, a 1990 aka sa mata injin 1HZ: silinda 6, lita 4.2, babu turbo, ƙarfin doki kusan 130. In ka ga farar motar Majalisar Ɗinkin Duniya ko ta ƙungiyoyin agaji tana keta sahara a Nijar ko Cadi, sau da yawa shi ne a ciki. Sama da shekara 30 ana ƙera shi don kasuwanni irin namu, bayan dokar hayaƙi ta kore shi daga Turai.

6/ Me ya sa bakanike ke ƙaunarsa? In ya riga ya tashi, wutar da yake buƙata ɗan layi ɗaya ne da ke buɗe wa mai hanya. In ya sha iska, a sassauta noti a yi famfo da hannu. In nozul ya toshe, a cire a wanke a gwada. Kawuna da kunne yake gane silindar da ba ta aiki. Sifana, filaya, da kati a aljihu, shi ke nan shago ya cika.

7/ Amma mu daina yi masa ƙarya don soyayya. Nauyi gare shi, ba ya gudu, yana shan mai, kuma da sanyin hunturu sai ka jira hita kafin ya tashi. In an yi masa lodi a hawa, baƙin hayaƙin da yake fitarwa kamar an ƙona taya.

8/ Juyin ya zo a 1995, da Denso ya sa tsarin common rail a motar kaya ta Hino a Japan, sai ƙaramar mota Alfa Romeo 156 a 1997. Bututu ɗaya ne ke riƙe mai a matse, kwamfuta ke buɗe kowace injekta, tana fesawa sau da yawa a bugu ɗaya. Na farko matsinsu ba 1,350, na yau sun haura 2,000. Land Rover ta bi nata salon lantarkin da Td5 a 1998, Toyota ta kawo D-4D.

9/ Ku duba lissafi. Injin 1GD na Hilux, da ya fito a 2015, silinda 4 ne, lita 2.8 kacal, amma na baya-bayan nan yana ba da doki kusan 200. Ya fi 1HZ ƙanƙanta, ya fi shi ja, ya fi shi tattalin mai. A cikin yashi mai zurfi wannan ƙarfin ba wasa ba ne. Duk wanda ya ce sabon inji rago ne bai tuƙa ba.

10/ To ina matsalar? Mai. Sassan injektar zamani tazararsu ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Ɗigon ruwa, ƙurar hunturu da ta shiga jarka, ko gas da aka sirka da kananzir, duk tsohon famfo zai haɗiye ya yi tari ya wuce. Sabon kuwa cinye shi suke yi.

11/ Na gani da idona. Wata Hilux D-4D ta sha man jarka a bakin hanya, ta mutu da buhunan gero a kanta, tazarar kilomita kaɗan daga gari. Kawu ya buɗe, ya duba, ya rufe. Ya ce wannan ba aikin kunne ba ne. Aka janye ta zuwa Kano, aka jona mata na'ura, aka nemo injektoci a Ƙofar Ruwa. Kuɗin ya ci ribar kakar gaba ɗaya. Ranar ce na fara ganin kawu ya tsaya gaban inji hannunsa a baya.

12/ Ga kuma farar wuta, wato sulfa. Tun 2009 Turai ta ƙayyade ta a kashi 10 cikin miliyan. Nijeriya kuwa a lokacin tana barin har 3,000. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa man da ba za su iya sayarwa a gida ba suna turo wa Afirka ta Yamma. A Disambar shekarar Nijeriya da Gana da Benin da Togo da Kwaddibuwa suka amince da 50, aiwatarwa dai ta yi ta jan ƙafa. Matatar hayaƙin da ke salansar motocin Turai ba ta jure irin wancan man, shi ya sa ake fasa ta a 'yar Beljiyam tun kafin ta ga yashi.

13/ Wani abin da ake mantawa: an cire hannun gwamnati a farashin gas tun 2003, fetur kuwa yana da tallafi har 29 ga Mayun 2023. Shekara 20 ke nan. Shi ya sa Hilux ɗin da suka cika ma'aikatunmu yawanci na fetur ne, lita 2.7, kuma kanikawanmu na ƙauye ba su samu sabon injin gas da yawa sun koya a kansa ba. Ba kwanyarsu ce ta gaza ba.

14/ Hayaƙin tsohon kuwa akwai mai biyan kuɗinsa. A 2012 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Yaron mota da ke zaune a baya, da yaran gareji da ke tsaye bakin salansa, su ke shaƙa. Ni ma na yi wannan tsayuwar tun ina firamare.

15/ Ra'ayina: in motar za ta wuni tsakanin Roni, Gwiwa da ƙauyukan bakin iyaka, tana shan man duk inda ta samu, tsohon inji ne, a kula da nozul don rage hayaƙi. In kana bin kwalta, kana da gidan mai ɗaya da ka amince da shi, kana canja filta kan lokaci, sabon zai mayar maka da kuɗinka.

16/ Matatar Ɗangote ta fara fitar da gas a 2024, tsofaffin injuna kuma kullum raguwa suke, kayan gyaransu na asali na ƙara wuya. Mai sayen dai ya ɗauki tsohuwar Hilux mai injin 5L. Kawu kuma ya ce in na dawo hutu in zo masa da ƙaramar na'urar nan da ake jonawa da waya, in karanta masa abin da take cewa.