Bakassi: Sassaucin da Aka Yi, da Bashin da Ba a Biya Ba

Ranar 12 ga Yunin 2006, a wani gida da ake kira Greentree kusa da birnin New York, Shugaba Olusegun Obasanjo na Najeriya da Shugaba Paul Biya na Kamaru suka sa hannu a kan takardar da ta tsara yadda Najeriya za ta fice daga tsibirin Bakassi. Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ne ya zaunar da su, wakilan Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus kuma suka tsaya shaida. Tun daga ranar masu magana a kan batun suka kasu biyu. Wasu na ganin an sayar da ƙasa da mutanenta da rana tsaka, wasu na ganin Najeriya ta nuna dattako irin wanda ba a saba gani ba a nahiyar nan. Kowane ɓangare ya kama gaskiya ta gefe ɗaya ya saki ɗayan. Abin da nake son kafawa shi ne, duk shugaban da zai yi sassauci a teburin sulhu yana da tattaunawa biyu a gabansa: ɗaya da abokin jayayya, ɗaya da mutanensa da nauyin sassaucin zai faɗa wa. Najeriya ta yi ta farko da basira, ta yi sakaci da ta biyu, kuma wannan sakacin ne ya sa har yau ake ambaton Bakassi da ɗaci a baki.

Asalin shari'ar ba mai tsawo ba ne. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a watan Maris na 1994, 'yan watanni bayan sojojin Najeriya sun shiga tsibirin a zamanin Janar Sani Abacha. Najeriya ta dogara da yarjejeniyar kariya ta 1884 tsakanin Birtaniya da sarakunan Tsohuwar Kalaba, tana mai cewa Turawan Ingila ba su mallaki ƙasar ba balle su kyautar da ita, sannan ta kawo hujjar cewa mazauna wurin 'yan Najeriya ne kuma ita ke mulkinsu. Kamaru ta fito da yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 11 ga Maris 1913, wadda ta sa Bakassi a ɓangaren Jamus, ta haɗa da sanarwar Marwa ta 1975 da Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahijo na Kamaru suka sa wa hannu a kan iyakar teku. Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotu ta ce Bakassi na Kamaru ne.

Za a iya tare ni tun daga nan a ce ai wannan ba sassauci ba ne, bin umarnin alƙali ne kawai, kuma wanda aka kayar a kotu ba ya da abin da zai yi kyauta da shi. Maganar tana da kyau a takarda, amma Kotun Duniya ba ta da ɗan sanda ko soja. Abin da dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ta tanada shi ne wanda ya yi nasara ya kai kuka Kwamitin Sulhu, shi kuma kwamitin ya ga dama ya motsa ko ya yi shiru. Amurka ta yi watsi da hukuncin da kotun ta yanke mata a shari'arta da Nikaraguwa a 1986, ba abin da ya same ta. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Habasha: a watan Afrilun wannan shekara ta 2002, hukumar shata iyaka ta yanke hukuncin da ya bar garin Badme a hannun Eritiriya, Habasha ta ƙi janye sojojinta, ta ci gaba da zama a wurin. Najeriya ma tana da wannan ƙofar a buɗe. Sojojinta na ƙasa, tutarta na sama, tun 1996 Bakassi ƙaramar hukuma ce a jihar Kuros Riba, kuma Kamaru ba ta da ƙarfin fitar da ita da bindiga. Martanin farko na gwamnati ma ya nuna ta leƙa ƙofar, domin ta yi ƙorafi cewa shugaban kotun Bafaranshe ne kuma akwai alƙalai daga Birtaniya da Jamus, ƙasashen da takardunsu ne ake shari'a a kai. Saboda haka ficewar zaɓi ce. Shekaru kusan huɗu da aka kwashe tsakanin hukunci da Greentree ciniki aka yi a cikinsu, kuma ba a ciniki a kan abin da ya riga ya fita hannu.

To me ya sa zaɓin ya dace? Masu sukar sassauci kan auna abin da aka bayar su manta da auna kuɗin ƙin bayarwa, wanda ba ya zuwa a rana ɗaya, a hankali yake cin mutum. Habasha da Eritiriya, bayan yaƙin 1998 zuwa 2000 da ya ci dubun-dubatar rayuka, sun zauna shekara goma sha takwas iyaka a rufe, ba yaƙi ba zaman lafiya, iyalai a rabe, har sai da Firaministan Habasha Abiy Ahmed ya amince da hukuncin a 2018. Iyakar Najeriya da Kamaru ta kai kusan kilomita 2,000, daga Tafkin Chadi zuwa teku, kuma 'yan Najeriya masu ɗimbin yawa na zaune a cikin Kamaru suna kasuwanci. An riga an zubar da jini a Bakassi a 1981, lokacin da aka kashe sojojin Najeriya biyar, an sake zubarwa a shekarun 1990. Sannan hukuncin bai bar Najeriya hannu rabbana ba: a kan iyakar teku kotu ta ƙi layin da Kamaru ta nema, abin da ya bar wa Najeriya rijiyoyin man da take haƙa a cikin ruwa, kuma a kan tudu akwai wuraren da aka ce nata ne. Ba ya yiwuwa ka karɓi rabin hukunci da ya yi maka daɗi ka yi fatali da sauran. Haka kuma ƙa'idar mutunta iyakokin da aka gada daga Turawa, wadda Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da ita a Alƙahira a 1964, ita ce garkuwar Najeriya kanta duk ranar da wani ya taso da batun ɓallewa. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amfanin durƙuson ya bayyana bayan shekaru, lokacin da Boko Haram ta mamaye garuruwan kan iyaka, Kamaru ta karɓi 'yan gudun hijirar Borno a sansanin Minawao, sojojin ƙasashen biyu kuma suka shiga rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Injamena a 2015. Da akwai sojojin Najeriya a ƙasar da kotu ta ce ta Kamaru ce, da wannan haɗin kai ya yi wuya ƙwarai.

Yadda aka jera matakan ma abin nazari ne. Tun kafin hukunci ya fito, a watan Satumban 2002, Annan ya haɗa shugabannin biyu a Faransa, domin alkawari ya fi sauƙin ɗauka kafin a san wanda zai yi asara. Bayan hukunci aka kafa hukumar haɗin gwiwa ƙarƙashin Ahmedou Ould-Abdallah, ɗan Muritaniya, ita kuma ba ta fara da Bakassi ba. Ta fara da Tafkin Chadi, inda masunta da manoma 'yan Najeriya, cikinsu da Barebari da Hausawa, suka bi ruwan da ke janyewa har suka kafa garuruwa irin su Darak a ƙasar da tsofaffin takardun Birtaniya da Faransa suka ba Kamaru. A watan Disamban 2003 Najeriya ta miƙa ƙauyuka sama da talatin a can, a shekara mai zuwa aka yi musayar wasu ƙauyuka a kan tudu, kowane ɓangare ya bayar ya kuma karɓa. Sai da amana ta ɗan ginu aka taɓa babban gyambon. A Greentree Najeriya ta sami lokaci: kwana sittin na janye soja, shekara biyu na ci gaba da riƙe mulki da 'yan sanda a wani yanki, sai shekara biyar na tsarin wucin gadi. Kamaru kuma ta rubuta cewa ba za ta kori 'yan Najeriya mazauna wurin ba, ba za ta tilasta musu sauya ƙasa ba, za ta bar su su yi su da noma, ta kare dukiyarsu, ba kuma za ta ɗora musu harajin wariya ba. A ranar 14 ga Agustan 2008 aka kammala miƙawa, amma a Kalaba aka yi bikin, ba a tsibirin ba, saboda fargabar hari. Wannan sauyin wuri kaɗai ya isa ya nuna cewa akwai waɗanda ba a shawo kansu ba.

A nan ne na rabu da masu yabon yarjejeniyar ba tare da sharaɗi ba. Ribar sassaucin ta watsu a kan ƙasa baki ɗaya, kowa ya sami ɗan kaso na zaman lafiya ba tare da ya sani ba, amma asarar ta taru a kan mutane ƙalilan, masunta Efik da Ibibiyo da Oron da Ijo. Irin wannan masunci mutum ne da duk dukiyarsa kwale-kwale ce da taru da rumfar banda a bakin ruwa, inda matarsa ke kwana tana juya kifi da jatan lande a kan hayaƙi kafin 'yan sari su zo daga Kalaba. Ya san lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa, ya san mashigar da kifi ke bi. An ba shi zaɓi biyu: ya zauna ya zama baƙo a garin da aka binne kakansa, yana nuna takarda ga jandarma, ko ya tashi. Waɗanda suka tashi an kai da yawansu yankin da aka yanko daga ƙaramar hukumar Akpabuyo aka laƙaba masa sunan sabuwar Bakassi, wasu suka shafe shekaru a azuzuwan makaranta da sansanoni, nesa da irin ruwan da sana'arsu ke buƙata. Jihar Kuros Riba ma ta biya nata kason: a 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tun da Bakassi ta tafi jihar ba ta da gaɓar teku, rijiyoyin mai 76 suka koma Akwa Ibom. Ga kuma batun Majalisar Tarayya. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai majalisa ta zartar da ita, amma ba a kai Greentree gabanta ba kafin a fara aiwatarwa, shi ya sa a watan Nuwamban 2007 Majalisar Dattawa ta yi Allah wadai da miƙawar. Ko da lauyoyin gwamnati na da amsa ta fuskar dokar ƙasa da ƙasa, a siyasance an bar yarjejeniyar ta zama ta mutum ɗaya.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce sulhu ba ya yiwuwa a bainar jama'a, kuma da an tambayi mutanen Bakassi ko 'yan majalisa da sun ce a'a, komai ya wargaje. Na yarda cewa ciniki na buƙatar sirri, na kuma yarda cewa ƙuri'ar raba gardama a kan mallakar tsibirin da ta zama hanyar soke hukunci ta bayan gida, wadda Kamaru ba za ta taɓa amincewa da ita ba. Sai dai tsakanin ba mutane ikon rusa yarjejeniya da yin biris da su akwai fili mai faɗi. Lokacin da Feru da Ekwado suka kawo ƙarshen rikicin iyakarsu a 1998, sai da majalisun ƙasashen biyu suka amince tun da farko cewa za su karɓi shawarar ƙasashe masu shiga tsakani, sannan aka bar wa Ekwado murabba'in kilomita ɗaya a Tiwinza, inda sojojinta suka mutu, a matsayin mallaka ba tare da ikon mulki ba. Ƙasar ta tafi, amma an ba wanda ya yi asara abin da zai nuna wa mutanensa. Isra'ila ma, da ta kwashe mazauna Yamit daga Sinai a 1982 don cika alkawarinta da Masar, ta biya su diyya ta doka, duk da sai da aka fitar da wasu da ƙarfi. Ba a nemi izininsu a kan Sinai ba, amma an ɗauki asararsu a matsayin bashi a wuyan ƙasa. Abin da ya kamaci Abuja ke nan: ta zauna da masuntan a kan inda za a tsugunar da su, ta sa kuɗin tsugunarwar a doka yadda ba zai dogara da ganin damar wani jami'i ba, ta kai yarjejeniyar majalisa ta sha zafin muhawara a lokacin da ya dace.

Akwai rauni a cikin takardar kanta da wannan sakacin ya haifar. Alkawuran da Kamaru ta ɗauka game da mazauna tsibirin ba su da wa'adi, amma kwamitin da aka kafa don sa ido a kansu aikinsa ya ƙare tare da tsarin wucin gadi a watan Agustan 2013. Da masuntan na da murya a lokacin ciniki, da abu na farko da za su nema shi ne wurin kai ƙara mai ɗorewa, domin su ne suka san wanda za su haɗu da shi a kan ruwa bayan manyan baƙi sun koma gida. A watan Oktoban 2012, da wa'adin shekara goma na neman sake duba hukunci ya zo ƙarewa, an yi ta matsa wa gwamnatin Goodluck Jonathan ta koma kotu, ta ƙi, bisa hujjar cewa babu sabuwar shaidar da dokar kotun ta sharɗanta. A ganina ta yi daidai. Amma kukan da ya tashi a lokacin bai fito daga son taswira ba, ya fito ne daga mutanen da shekara shida bayan Greentree ba su da matsuguni tabbatacce. Batun mallaka ya rufu, kuma babu maslaha a sake buɗe shi. Abin da ya rage duka yana hannun Najeriya: matsuguni a bakin ruwa ga waɗanda suka taso, da diyyar abin da suka bari, da tsayayyen tsari tsakaninta da Yawunde na sauraren koken waɗanda suka zauna.