Daga Gonar Rake Zuwa Injin Turbo: Tarihin Itanol a Tankin Mota

A watan Yulin 1979 kamfanin Fiat ya fitar da wata ƙaramar mota daga masana'antarsa ta Betim da ke ƙasar Brazil. Sunanta Fiat 147, kuma ita ce mota ta farko a zamanin nan da aka ƙera da yawa don ta yi tafiya da itanol zalla, wato barasar da ake tacewa daga rake. Mutanen Brazil sun laƙaba mata suna Cachacinha, saboda ƙamshin da ke fita daga salansarta yana tuna musu da giyar rake ta ƙasarsu. Shekaru 28 bayan haka, a 2007, kamfanin Koenigsegg na Suwidin ya nuna wata motar gudu mai suna CCXR, wadda ke ba da ƙarfin doki 1,018 idan an zuba mata gaurayen itanol, alhali 'yar'uwarta mai shan fetur tana tsayawa ne a 806. An ƙera ta farko saboda ƙasa ta rasa kuɗin sayen mai, ta biyu kuwa saboda masu kuɗi suna son gudu. Abin da ya haɗa su darasi ɗaya ne: itanol yana ba injin da aka shirya masa fiye da abin da fetur zai ba shi, yana kuma lalata wanda ba a shirya masa ba.

Matsalar ƙwanƙwasa

A cikin injin fetur, fistan yana matse gaurayen iska da mai, sannan fulogi ya ƙyasta wuta. Gwargwadon tsananin matsin, gwargwadon ƙarfin da ake samu. Sai dai idan matsi da zafi suka yi yawa, wani ɓangare na gaurayen yakan fashe da kansa kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi. Wannan shi ne ƙwanƙwasar inji, kuma idan ta daɗe tana iya huda fistan. Ma'aunin juriyar mai ga wannan fashewa shi ake kira oktan. Fetur na kasuwa yakan kai 91 zuwa 98 a ma'aunin da Turai ke amfani da shi, itanol kuwa yana kusan 108.

Masana sun san wannan tun shekaru ɗari da suka wuce. A dakin binciken General Motors, Thomas Midgley da abokan aikinsa sun gwada barasa a matsayin maganin ƙwanƙwasa, sun ga tana aiki. Amma a Disambar 1921 suka gano wani sinadarin dalma wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa, kuma ana iya mallakar haƙƙin sarrafa shi, abin da ba zai yiwu da barasar da kowane manomi zai iya tacewa ba. Daga 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma, duniya ta yi ta shaƙar gubarsa har zuwa 2021, lokacin da Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da shi ga motoci.

Lokacin da Brazil ta rasa zaɓi

Brazil ta daɗe tana gauraya barasa da fetur. Tun a 1931 gwamnatin Getúlio Vargas ta wajabta zuba kashi 5 cikin ɗari a fetur ɗin da ake shigowa da shi, don samar wa masu noman rake kasuwa. Amma rikicin mai na 1973 ne ya mayar da abin batun ceton ƙasa. Farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni, a daidai lokacin da Brazil ke sayo kusan kashi 80 cikin ɗari na man da take sha daga waje. Sai kuma farashin sukari ya faɗi a kasuwar duniya. A ranar 14 ga Nuwamban 1975 gwamnatin soja ta Ernesto Geisel ta kafa shirin Proálcool, wanda ya ba da rance mai rahusa don gina matatun barasa, ya kuma tabbatar ana sayar da ita ƙasa da farashin fetur.

Aikin injiniya ya faɗa hannun mutane irin su Urbano Ernesto Stumpf na cibiyar fasahar jiragen sama da ke São José dos Campos. Abin da suka tarar shi ne itanol yana taɓa kowane ƙarfe da kowace roba da ke tsakanin tanki da inji. Yana jan ruwa daga iska, kuma wanda ake sayarwa a gidajen man Brazil dama yana ɗauke da ɗan ruwa, don haka tsatsa ta riƙa cin tankuna da kafireta. Sai da aka shafe cikin tanki da kuza, aka lulluɓe kafireta da nikel, aka canza tiyo da robobi. Na biyu, lita ɗaya ta itanol tana ɗauke da makamashin da ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka dole a buɗe hanyoyin mai su yi faɗi. Na uku, ba ya saurin zama tururi idan gari ya yi sanyi. Wannan ya sa motocin suka zo da wani ƙaramin tankin fetur a gaba, wanda ake tayar da inji da shi da asuba. Ladan duk wannan wahala shi ne an iya ƙara matsin injin fiye da yadda fetur na lokacin zai jure.

Bayan rikicin mai na biyu a 1979, kasuwa ta buɗe. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, kusan tara cikin kowace sabbin ƙananan motoci goma da ake sayarwa a Brazil masu shan barasa ne.

Shekarar da famfo ya ƙafe

A 1986 farashin ɗanyen mai ya ruguje. Gwamnati, wadda bashi da hauhawar farashi suka dabaibaye, ta rage tallafi, sukari kuma ya sake yin daraja, sai masu matatu suka karkata ga abin da ya fi riba. A 1989 barasa ta yi ƙaranci, miliyoyin masu motocin da ba sa iya shan komai sai ita suka kwana a layi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: cikin shekarun 1990 cinikin irin waɗannan motoci ya kusa mutuwa gaba ɗaya.

Kwamfuta ce ta dawo da amana. Lokacin da injekta ta maye gurbin kafireta, inji ya samu damar auna iskar da ta rage a hayaƙinsa, ya gane irin man da ke ƙonewa, ya daidaita kansa. A watan Maris na 2003 Volkswagen ya fitar da Gol Total Flex, mai shan fetur ko itanol ko duk wani gauraye na biyun. Direban Brazil ya samu ƙa'ida mai sauƙi a bakin famfo: idan farashin itanol bai kai kashi 70 cikin ɗari na farashin fetur ba, shi ya fi araha.

Abin da masu turbo suka gano

A Amurka da Suwidin an bi wata hanyar, ta gaurayen da ake kira E85. Nan ne masu ƙara wa motoci ƙarfi suka shigo. Turbo na'ura ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin inji. Ƙarin iska na nufin ƙarin matsi da zafi, wato ƙwanƙwasa ce iyakarsa. Itanol yana ɗaga wannan iyaka ta hanya biyu: oktan ɗinsa ya fi yawa, kuma yayin da yake zama tururi yana tsotse zafi fiye da fetur, ya sanyaya iskar da ke shiga. Kamfanin Saab ya tabbatar da haka a 2005 da motar 9-5 BioPower, wadda injinta ke ba da ƙarfin doki 150 da fetur, 180 da E85.

Makanikin da ke son yin haka a garejinsa yau yana maimaita aikin Stumpf ne. Fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya, E85 kuwa kusan 9.8, don haka inji zai nemi ƙarin mai da kusan kashi 50 cikin ɗari ta fuskar nauyi. Dole a sa manyan injektoci, da famfon mai da zai iya ciyar da su, da tiyo da matata waɗanda barasa ba ta ci, sannan a sake rubuta lissafin kwamfutar motar. Wanda ya ƙara matsin turbo bai yi waɗannan ba, mai zai gaza a daidai lokacin da inji ke tsananin aiki, zafi ya hau, fistan ya narke.

Akwai kuma tarkon suna. A Amurka, abin da aka rubuta wa E85 yana iya ɗaukar itanol daga kashi 51 zuwa 83 cikin ɗari, gwargwadon yanki da yanayi, domin ana ƙara fetur a lokacin hunturu don mota ta tashi. Injin da aka daidaita a kan kashi 80 yana cikin haɗari idan aka zuba masa na 55. Shi ya sa masu wannan sana'a ke ɗaura na'urar auna itanol a kan layin mai, wadda ke sanar da kwamfuta ta rage matsi ko ta ƙara. Matsalar da ta tsayar da motocin Brazil a 1989, wato inji ya dogara da mai iri ɗaya tak, ita ce dai wannan 'yar na'ura ke magancewa a cikin motar da ke gudun tsere.