Ɗan Maraya Jos da Kiɗan Mutum Ɗaya

A al'adar kiɗan Hausa mawaƙi ba ya tafiya shi kaɗai. Musa Ɗanƙwairo na da makaɗan kotso da 'yan amshi, Mamman Shata na da 'yan kalangu. Adamu Wayya kuwa, wato Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya tashi maraya a hannun sarkin garin da mahaifinsa ke yi wa kiɗa, kuntigi kawai ya riƙe: ɗan gwangwani da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya. Da shi ya yi suna har ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Wannan kaɗaici ne, a ganina, ya zaɓa masa waɗanda zai yi wa waƙa. Mai jama'a goma a bayansa dole ya nemi ƙofar sarki ko attajiri, domin kowanne na da iyali, ga kuɗin mota, ga rabon abin da aka samu. Wanda kayan sana'arsa ke shiga aljihun riga ba ya ɗauke da wannan nauyi, shi ya sa ya iya tsayawa ya yi wa karen mota waƙa. Duk wanda ya ga ana lodin shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san yaron: shi ke ɗaure igiya, shi ke sa weji a taya, kuma ba shi da abin yi wa maroƙi kari. Rashin 'yan amshi ma ya zame masa dabara, don a waƙoƙinsa na zaman aure shi ne miji, shi ne mata, yana sauya murya kamar wasan kwaikwayo.

Za a ce ai shi ma ya yabi manya, ya karɓi kyauta. Gaskiya ne, amma ba da waɗannan waƙoƙi ake tuna shi ba. Wasu kuma za su ce fita kai kaɗai ba baƙon abu ba ne, tunda a Ingila mawaƙi Sting ya bar ƙungiyar The Police ya fitar da faifansa a 1985. Sai dai Sting sababbin makaɗa ya tara, sunan da ke jikin faifai ne ya sauya. Ɗan Maraya ko a dandalin ƙasar waje shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ke amsa wa kansa.