Ƙarfi, asiri da dabo: tarihin gardama kan jaruman sinima a ƙasar Adar

A cikin wannan ƙasida muna son mu duba wata gardama da malaman jami'a ba su cika ba ta muhimmanci ba, wato wadda samari ke yi in an tashi daga kallo: wane jarumi ya fi wane, kuma abin da aka gani gaskiya ne ko rufa-ido. Mun ɗauki Madawa da Buza da Keita, cikin jahar Tawa, saboda yanki ne na ƴan cin rani, kuma a ganinmu ta hanyar cin rani jaruman suka fara iso ƙauye, da baki, tun kafin a ga hotonsu.

Shaida mafi tsufa da muke da ita a kan ƴan Nijar da taurarin sinima tana cikin fim ɗin Jean Rouch, Moi, un noir (1958). Samarin da ke aikin ƙarfi a Treichville, cikin Abijan, sun raɗa wa kansu sunayen taurari: Umaru Ganda ya zama Edward G. Robinson, wani Eddie Constantine, wani kuma Tarzan. A 1966 Mustafa Alasan, wanda daga baya ya zauna Tawa, ya fito da Le Retour d'un aventurier: saurayi ya komo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka dami gari har dattawa suka shiga tsakani. Tun lokacin ke nan tambayar ta fito fili: me ke faruwa in mai kallo ya ɗauki jarumin da gaske?

Sai dai masu kallon ba su zo hannu sake ba. Al'adar Hausa ta daɗe da rarraba fifikon ɗan Adam: akwai ƙarfin jiki, akwai asiri irin su tauri da baduhu da layar zana, akwai kuma dabo, wanda kowa ya san wasa ne da ido. Fagen da aka fi gwada wannan rabo shi ne kokowa. Tun da aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, da wuya a kada babban ɗan kokowa ba a yi musu ba: ƙarfi ya kada shi, ko an karya asirinsa? Littattafai ma sun bi wannan hanya, daga Ganɗoki na Bello Kagara (1934) zuwa Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951). Shi kuwa Umaru Dembo, a Tauraruwa Mai Wutsiya (1969), ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya cikin shekarar da Amurkawa suka taka wata.

Da wannan ma'auni aka auna baƙi. Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973, ya faɗa gidan ƙarfi: abin da yake yi jiki ne da horo, yaro na iya kwaikwayonsa a bayan gari. Superman, da aka ƙago a 1938 kuma fim ɗinsa ya fito a 1978, ya fi wuyar ajiyewa. Harsashi ba ya huda shi, to ɗan tauri ne. Amma yana tashi sama, abin da ba a san ɗan tauri da shi ba. Abin da ya kusanto da shi ga hankalin Bahaushe shi ne koren dutsen nan da ke kashe masa jiki, domin kowane asiri yana da makari, kowane gwarzo yana da lago. Haka ma Mr. India (1987), inda Anil Kapoor ke ɓacewa da wata na'ura da yake ɗaurawa a hannu, amma jan haske na tona shi. Babu buƙatar fassara a nan: layar zana ce da makarinta. (Muna ganin wannan ne ya sa tambayar "wa zai kada wa" ta fi daɗi a Hausa, ba adadin ƙarfi ake lissafi ba, lago ake nema.)

Bidiyo ta sauya fagen. Gidajen sinima na manyan birane ne. Kano ta samu Rex tun 1937. Garuruwa irin su Buza da Keita sai da kaset da janareta suka wadatu, daga ƙarshen shekarun 1980, kallo ya zama na kowa. Shekarun 1990 kuma suka zo da fada, inda marasa aiki ke zama kan shayi, gardama ta samu mazauni. Malamai suka sa baki da tasu tambaya: halal ne a nuna mutum da ikon da na Allah ne kaɗai? Amsar da aka saba bayarwa, cewa ai dabo ne na kyamara, ita kanta hukunci ce: an fitar da abin daga gidan asiri, inda akwai haɗarin shirka, an mayar da shi gidan wasa.

A nan ne mai nazarin harshe ke da abin cewa. Brian Larkin ya ruwaito a 1997 laƙabin da Kanawa suka ba taurarin Indiya: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Kowane laƙabi sharhi ne a taƙaice. A gefen Najeriya mugun fim shi ne bos, daga Ingilishi. A namu gefen an saba da shef bandi, daga Faransanci. Madawa, da ke kan babbar hanya kuma kusa da iyakar Sakkwato, tana jin duka biyu.

Tun shekarun 2010 awon ya karkata. Masu fassara na Kano, irin su Algaita, suna ɗora muryar Hausa kan finafinan Indiya, ana tura su daga salula zuwa salula. Jarumi mai tashi sama da mutum-mutumin ƙarfe yanzu Kananci suke yi. Yaron Keita da ke cewa shina zuwa, yana jin gwarzonsa na cewa yana zuwa. Mai cewa hwaɗa yana jin faɗa. Bernard Caron ya bayyana Hausar Adar a 1991, kafin wannan ambaliya. Bayanin nasa ya ba mu ma'auni, kuma aikin da muke ba ɗalibanmu shawara shi ne su naɗi gardamar fada a Buza da Keita, su ƙirga inda mai magana ke barin shina ya koma yana in ya ari bakin jarumi, da inda yake komowa harshen gida in musu ya yi zafi.